Darasin katsewar sadarwa a Sudan: mu koyar da matasa gina manhajar da ba ta dogara da gari ɗaya

A farkon watan Fabrairun 2024 layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke a kusan dukkan ƙasar Sudan. 'Yan'uwanmu Hausawa na ƙauyukan Jazira da na gaɓar Nilu Shuɗi, tun daga Mai Wurno har Damazin, suka wayi gari ba kira, ba saƙo. Tun ɓarkewar yaƙi ranar 15 ga Afrilun 2023 tsabar kuɗi ta yi wuya, jama'a suka koma kan Bankak, manhajar Bankin Kartum, wajen sayen dawa da magani da karɓar abin da 'ya'ya ke aikowa daga Saudiyya. Da sadarwa ta tsaya, mai kuɗi a asusu ya kwana da yunwa.

Tushen matsalar shi ne manyan na'urorin kamfanonin nan suna jibge a Kartum, tsakiyar filin daga. Sai da Zain ta kafa sabuwar cibiya a Port Sudan kafin layinta ya dawo a watan Maris. Duk tsarin da aka ɗaura ransa ga gari ɗaya, ranar da garin ya faɗi shi ma ya faɗi.

Masana kwamfuta sun daɗe da sanin maganin wannan. A kan rarraba manhaja gida-gida, kowane yanki yana riƙe da bayanansa da aikinsa: wannan asusun manomi, wancan rajistar gonarsa, wancan kuma lissafin ruwan da aka sakar masa. A ajiye su a kwamfutoci daban-daban, a Wad Madani da Sinnar da Port Sudan, suna aika wa juna saƙo. In ɗaya ta mutu, saura su ci gaba. Tun 1991 aka fitar da ƙa'idar CORBA domin irin wannan aiki, kuma ko da yake an sami sababbin hanyoyi bayanta, manufar tana nan.

Sai dai aikin ba na ɗan koyo ba ne. A ɗauka manomi yana da fam dubu ɗari a asusu, sai waya ta yanke tsakanin Sinnar da Port Sudan. Ya cire kuɗin a nan, ɗansa ma ya cire a can, domin kowace kwamfuta tana ganin kuɗin yana nan. Ko kuwa saƙon biya ya isa sau biyu, a zare wa talaka kuɗinsa sau biyu. A shekarar 2000 masani Eric Brewer ya bayyana cewa idan sadarwa ta yanke, dole a zaɓi ɗaya cikin biyu: ko a dakatar da hidima har lissafi ya daidaita, ko a ci gaba da hidima a sasanta lissafin daga baya. Sanin inda za a yi wannan da inda za a yi wancan shi ne ilmin. Kwas na wata uku da ake koyar da zanen shafin intanet ba ya kai ɗalibi nan. Sai an zaunar da shi kan lissafi da ka'idojin sadarwa, malami ya zare waya da gangan a ɗakin gwaji, ya ce masa ya gyara.

Wurin da ya fi dacewa da wannan horo shi ne Jami'ar Jazira da ke Wad Madani, wadda aka kafa a 1975, kuma take da tsangayar lissafi da kwamfuta. Garin ya faɗa hannun dakarun RSF a Disambar 2023, sojoji suka karɓe shi a Janairun 2025. Yanzu da ake farfaɗo da makarantu, lokaci ne na sake manhajar karatu, kada a mayar da tsohon tsari kamar ba abin da ya faru.

Akwai kuma batun su wa za a koyar. Hausawa da Fulani sun zauna yankin nan tun bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya jagoranci masu hijira zuwa gaɓar Nilu. Da aka buɗe noman Jazira a 1925, guminsu ya shiga audugar. Amma har yau yawancin unguwannin leburori da ake kira kambo suna fama da ƙarancin makaranta da lantarki. Yaron da bai taɓa kwamfuta ba sai a jami'a, an riga an tsere masa.

Saboda haka muna kira ga attajiranmu da ƙungiyoyinmu na Sudan da Najeriya da Nijar su ɗauki nauyin ɗalibai maza da mata daga waɗannan ƙauyuka har su kammala, su kafa ɗakunan kwamfuta masu amfani da hasken rana a makarantun sakandare, su kuma haɗa malaman Jazira da takwarorinsu na Zariya da Kano. Mu ma a nan mu binciki inda bankunanmu da asibitocinmu suke ajiye bayanansu, domin mai kwarmin ido da wuri yake fara kuka.

Allah Ya kawo ƙarshen wannan yaƙi, Ya mayar da waɗanda suka yi gudun hijira gidajensu lafiya, amin.