Ƙaurar Rumbun Bayanai Ba Aikin Daren Juma'a Ba Ne

Makaranta ko asibiti ko ƙungiyar da ta girka manhajarta a kan uwar garkenta, kamar Moodle ko Nextcloud, ta samu 'yancin riƙe bayananta a hannunta. Tare da wannan 'yanci kuma ta ɗauki nauyin sabunta manhajar da kanta. A ma'aikatu da yawa ana jingine wannan nauyi shekara da shekaru, saboda tsoron taɓa abin da ke aiki.

Tsoron yana da dalili, amma jinkirin ya fi haɗari. Tun Nuwamban 2022 aka daina toshe ɓarakar tsaro a PHP 7.4, MySQL 5.7 kuma ta kai ƙarshen wa'adinta a Oktoban 2023. Ga kuma wata matsalar: Nextcloud ba ta yarda a tsallake babbar siga, dole a bi su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi shekara huɗu bai sabunta ba, tsani ne mai tsawo a gabansa, kowane mataki kuma yana sauya tsarin rumbun bayanai ta hanyar da sau da yawa ba ta da komawa baya.

Shi ya sa kowa ke cewa a yi kwafin ajiya kafin a fara. Shawarar daidai ce, sai dai rabinta kawai aka faɗa. A ranar 31 ga Janairun 2017, wani injiniyan kamfanin GitLab ya goge babban rumbun bayanansu bisa kuskure, kusan gigabayit 300. Da aka waiwayi kwafin da ake zaton ana yi kullum, sai aka tarar babu komai. Rumbun yana kan PostgreSQL 9.6, amma manhajar da ke kwafe shi ta siga 9.2 ce, don haka aikin yana ta rushewa a ɓoye, saƙonnin gargaɗin ma ba sa isa ga kowa. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka da hannu kimanin sa'o'i shida kafin aukuwar lamarin, kuma duk abin da aka rubuta a tsakanin ya salwanta. Waɗannan ƙwararru ne da manhaja ce sana'arsu. Ma'aikacin kwamfuta guda ɗaya da ke kula da komai a wata kwaleji ba shi da hujjar amincewa da kwafin da bai taɓa mayar da shi a wata na'ura ya ga ya buɗe ba.

Masu rubutu da Hausa suna da wani tarko na daban. Har zuwa siga 5.7, MySQL tana zuwa ne da tsarin haruffa na latin1, wanda bai san ɓ da ɗ da ƙ ba. Sai a siga 8.0 aka koma utf8mb4. Tsofaffin manhajoji da dama sun riƙa cusa waɗannan haruffa cikin latin1 suna kuma fito da su lafiya, domin kuskuren shiga da na fita suna soke juna. Ranar ƙaura asirin ke tonuwa: ƙ ta zama Æ™, ɗ ta zama É—. Ƙaurar za ta nuna ta kammala, adadin layuka zai yi daidai, shafin zai buɗe. Sai bayan makonni wani ya nemi ɗalibin Ƙaraye ko majiyyacin Ɗanbatta ya rasa, a lokacin kuwa sabbin bayanai sun cakuɗe da gurɓatattu, gyaran ya ninka wuya. Gwajin da ba a sa mai karanta Hausa ya duba sunaye da idonsa ba, bai cika ba.

Akwai masu ganin cewa duk wannan ɗawainiya hujja ce ta miƙa komai ga kamfanin da zai kula da shi bisa haya. Ga ƙaramar ƙungiyar da ba ta da ma'aikaci ko ɗaya, wannan magana ce mai nauyi. Amma yawan kuɗi da girman kamfani ba sa maye gurbin gwaji. Bankin TSB na Birtaniya ya kwashe bayanan abokan cinikinsa zuwa sabon tsari a Afrilun 2018, mutane kusan miliyan 1.9 suka kasa shiga asusunsu, shugaban bankin Paul Pester ya sauka a Satumban shekarar, a 2022 kuma hukumomi suka ci bankin tarar sama da fam miliyan 48.

Don haka shawarar ƙaura ta shugaban ma'aikata ce, ba ta injiniya shi kaɗai ba. Shugaban ne zai biya kuɗin na'ura ta biyu da za a yi atisaye a kanta da kwafin bayanan gaskiya, shi zai sanar da jama'a ranar da za a rufe shafin, shi kuma zai amince tun da wuri da sa'ar da za a haƙura a koma tsohon tsari idan abu ya ƙi. Ranar ma a zaɓe ta da hankali, nesa da makon rajistar ɗalibai ko biyan albashi, kuma ranar da washegari ma'aikata suna ofis.