Sabon Fasalin Manhajar Angi: Wa Ke Zaɓen Mai Gyaran Gida?

A watan Janairun 2025, kamfanin Angi na Amurka, wanda ke haɗa masu gidaje da magina, kafintoci, masu gyaran famfo da masu fenti, ya sauya yadda manhajarsa take aiki. A da, idan mutum ya rubuta buƙatarsa, a ce rufin ɗakinsa ne ke yoyo, sau da yawa nan take ake tura sunansa da lambarsa ga masu sana'a da dama waɗanda bai taɓa jin labarinsu ba, sai wayarsa ta shiga ruri. Yanzu jerinsu ake nuna masa, ya karanta shaidar waɗanda suka taɓa yi wa aiki, sannan ya zaɓi wanda yake so ya tuntuɓe shi.

A ido, mataki ɗaya kawai aka ƙara a kan allo. Amma matakin ya taɓa jijiyar kuɗin kamfanin, domin mai sana'a ne ke biya, kuma yana biya ne a kan kowane labarin aiki da aka turo masa, ko ya samu aikin ko bai samu ba. Dillali ne da ke karɓar la'ada kafin a ƙulla ciniki, har ma yakan karɓa daga hannun mutum uku ko huɗu a kan rufi ɗaya.

Wannan tsari gadon HomeAdvisor ne, wanda aka haɗe da Angie's List a 2017. Shi Angie's List, da aka kafa a 1995, asalinsa masu gida ne ke biyan kuɗin rajista don karanta shaidar juna a kan masu gyara. Da aka haɗu, salon sayar da labarin aiki ne ya rinjaya. A 2023 hukumar FTC, mai kare masu saye a Amurka, ta umarci HomeAdvisor ya biya har dala miliyan 7.2, bisa zargin ya yaudari masu sana'a game da ingancin ayyukan da yake sayar musu: wasu ba na sana'arsu ba ne, wasu kuma ba a yankinsu suke ba.

Ba za a ce tausayi zalla ne ya kawo gyaran ba. Hukumar sadarwa ta FCC ta shirya wata doka da za ta wajabta samun yardar mutum ga kowane kamfani ɗaya bayan ɗaya kafin a kira shi da na'ura. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke dokar kwanaki kaɗan kafin ta fara aiki, amma Angi bai koma gidan jiya ba, ko da yake kuɗin shigarsa sun ragu. Lissafinsa shi ne, mai gidan da ya zaɓa da kansa ya fi bayar da aikin, kuma kafintan da ya samu aiki ya fi daɗewa yana biya. A ganina lissafin daidai ne, sai dai jinkirin da aka yi ya riga ya ci amanar masu sana'a da yawa.

Batun ya shafi masu tsara manufofi a Abuja, tunda Asusun Horas da Ma'aikata, ITF, yana rajistar masu sana'ar hannu a shirinsa na SUPA, da nufin horas da su da ba su shaidar ƙwarewa. Rajista irin wannan, ko ba daɗe ko ba jima, wani zai so ya gina manhaja a kanta, gwamnati ce ko ɗan kasuwa. Kafin a sa hannu a kan yarjejeniyar, ya kamata takardar ta fayyace wa ke biya, a wane mataki yake biya, da kuma hannu nawa lambar wayar ma'aikaciyar da ke neman mai gyaran famfo a Kubwa za ta shiga ba tare da saninta ba.