Turu ba gidan likita ba ne

Daga Yamai zuwa Damagaram da wuya a sami tashar mota wadda ba ta da wanda ake kira mahaukacin tasha. Amma waɗanda ido ba ya gani sun fi yawa: samari da ƴan mata ɗaure a turu ko sarƙa a ƙuryar gida, saboda dangi sun gaji, kuma suna gudun bakin maƙwabta.

Da yawansu na fama da ciwon da likitan ƙasar Suwis, Eugen Bleuler, ya raɗa wa suna sikizofireni a 1908. Mai shi yakan ji muryoyin da ba kowa ke ji ba, ya haƙiƙance ana farautarsa ko an sa masa guba a tuwo, maganarsa ta wargaje, ya daina wanka, ya guji jama'a. Ciwon ya fi kamawa daga ƙarshen samartaka zuwa shekara 30, wato daidai lokacin da aka damƙa wa yaro shago ko yake tsakiyar karatun jami'a. A 2022 hukumar lafiya ta duniya OMS ta ƙiyasta masu shi da miliyan 24, mutum ɗaya cikin 300.

Kuma ba kowace gushewar hankali ce wannan ciwo ba. Sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, haihuwa, wiwi da tramol duk suna iya juya kan mutum. Likita ne ke rarrabewa. Sai dai shi ake zo wa daga ƙarshe, bayan an sayar da tumaki an yi ta neman karya sammu da korar iskoki, ciwo kuwa ya riga ya yi shekaru yana cin jiki.

Magani akwai shi tun 1952, lokacin da Jean Delay da Pierre Deniker suka jarraba chlorpromazine a asibitin Sainte-Anne na birnin Paris. Haloperidol ya biyo baya a 1958. Tsofaffin magunguna ne masu araha. Suna sa barci, sandarewar jiki da rawar hannu, don haka sai da sa idon ma'aikacin lafiya, wata bayan wata. Duk da haka, aƙalla kashi ɗaya cikin uku na masu ciwon sukan warware sarai.

Ba sai an yi faɗa da malamai da bokaye ba. Tun 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo, a Aro kusa da Abeokuta, ya sauke majinyata a gidajen ƙauye tare da danginsu, ya jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. Sarƙar ce abin ƙi, ba addu'a ba.

Laifin hukuma a nan yake. Mutumen Dakoro ko Tanut da ɗansa ya rikice, ina kuɗin motar da zai riƙa kai shi sashen Pavillon E na babban asibitin Yamai, ko ma asibitin jaha, kowane wata? A 2005 Nijar ta yafe kuɗin tiyatar haihuwa, a 2006 kuma na jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5. Mai taɓin hankali, wanda ba ya zanga-zanga, ba ya cikin sandika, bai shiga lissafi ba. Ya kamata ofishin ministan kiwon lafiya ya ware kuɗi a kasafinsa, a ajiye waɗannan ƙwayoyi a kowane gidan likita na CSI, a horar da malaman jinya bisa tsarin mhGAP da OMS ta fito da shi a 2008, a kuma ba su babur da man shiga ƙauyuka su kwance waɗanda ke turu.