Jitar Agadas ta Nijar ce, a gida kamar yadda take a waje

A yau in aka tambayi mai sauraron kiɗa a Landan ko Berlin abin da ya sani game da Jamhuriyar Nijar, da wuya ya fara da uraniyum ɗin Arlit ko albasar Galmi. Sunan da zai fara zuwa bakinsa Bombino ne, ko Mdou Moctar, makaɗan jita Abzinawa. Abzinawa ba su wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na mutanen ƙasar ba, amma jitarsu ta kai sunan Nijar inda jakadu ba su kai shi ba. Muna ganin lokaci ya yi da za a daina ɗaukar kiɗan nan a matsayin kayan nunawa baƙi. Dukiyar ƙasa ce, kuma a gida ya kamata a fara ba ta wannan matsayi.

Kiɗan bai tashi cikin daɗi ba. Farin 1973 da na 1984 sun ƙarar da dabbobin makiyaya, samarin Abzinawa suka bazama Aljeriya da Libiya neman abin kai wa baka. A can, tsakanin Tamanrasset da sansanonin sojan Gaddafi, Ibrahim Ag Alhabib da abokansa suka haɗa ƙungiyar da ta zama Tinariwen. Shi Ibrahim yana ƙaramin yaro aka kashe mahaifinsa a tawayen 1963 a arewacin Mali. Waƙoƙinsu na kewar gida ne, da ƙishirwa, da kiran 'yan'uwa su farka. Ba faifai, ba gidan rediyo. Kaset ne ake kwafa daga rikoda zuwa rikoda, direbobin manyan motoci suna ratsa hamada da shi.

A ɓangaren Nijar, Abdallah ag Oumbadougou ne ya buɗe wannan hanya. Bayan kisan da aka yi a Tchin-Tabaraden a watan Mayun 1990 tawaye ya ɓarke, kuma a waɗannan shekaru riƙe kaset ɗin Abdallah kaɗai ya isa ya jefa mutum cikin matsala da hukuma. Da aka sa hannu kan yarjejeniyar sulhu a Yamai ranar 24 ga Afrilun 1995, ranar da har yanzu ake hutu dominta, mutumin nan ya dawo gida daga gudun hijira ya buɗe makarantar koyar da kiɗa a Arlit. Ya rasu a 2020. Yara nawa ne a makarantun Maraɗi da Damagaram da Doso suka taɓa jin sunansa a aji?

Ba za mu rufe ido ga abin da wasu ke faɗa ba. Akwai iyalan sojoji da suka rasa 'ya'yansu a waɗancan yaƙe-yaƙe, kuma a kunnensu jitar nan tana ɗauke da amon tawaye. Zafinsu gaskiya ne, ba wanda zai ce su manta. Sai dai an riga an gwada hani, an ga abin da ya haifar. Lokacin tawaye na biyu da ya fara a 2007, hukumomi sun sa wa jita takunkumi a arewa, aka kashe biyu daga cikin abokan kiɗan Bombino, shi kuma ya tsere Burkina Faso. Waƙar ba ta mutu ba, sai ma ƙara nisa da ta yi. Da ƙura ta lafa, a farkon 2010, Bombino ya dawo ya yi wasa a gindin hasumiyar babban masallacin Agadas, da amincewar Sarkin Abzin, jama'a suka cika filin. Bayan shekara tara faifansa mai suna Deran ya shiga takarar kyautar Grammy, karo na farko ga wani mawaƙin Nijar. Mutumin da ƙasarsa ta kora shi ne ya ɗaga tutarta.

Mu Hausawa muna da hannu a cikin wannan kiɗa fiye da yadda yawancinmu suka sani. Mdou Moctar, ɗan yankin Abalak, ya haɗa jitarsa ta farko da kansa, da katako da wayoyin birkin keke, don a gidansu ba a yarda da kiɗa ba. Bahago ne, da hagu yake kaɗawa. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, a irin ɗakunan da ake naɗar waƙoƙin finafinan Hausa, da muryar nan da kwamfuta ke lanƙwasawa da gangar inji. Waƙoƙin Tamashek ne, harshen Abzinawa, cikin rigar Kannywood. Daga nan suka shiga katin waya, matasa suna tura wa juna ta Bluetooth a tasha da kasuwa har suka kai Mali da Muritaniya, inda wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsince su ya fitar da su ta kamfaninsa Sahel Sounds. Ba wani sabon zumunci ba ne wannan. Turkuɗin da Ba'abzine ke naɗawa a ka tun kaka da kakanni daga marinar Kura ta ƙasar Kano yake fitowa, ayarin gishirin Bilma kuwa a kasuwanninmu yake sauke kaya, kuma a cikin garin Agadas kanta Hausa ake ciniki da ita.

Shi ya sa nauyin ya fi faɗawa kanmu. A watan Maris na 2025 sabon kundin da hukumomin soja suka kafa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Mun yi maraba da wannan, don fiye da rabin 'yan Nijar Hausawa ne, kuma da yawan sauran suna jin harshen. Amma babba juji ne. Harshen da aka ɗaga sama da sauran, in masu shi ba su yi hattara ba, sai ya danne na ƙasa ba tare da kowa ya yi niyyar mugunta ba: mai shirya shiri a rediyo ya sa abin da ya saba ji, mai shirya bikin ƙasa ya gayyaci wanda ya sani, a hankali Tamashek da Fulfulde da Kanuri da Tubanci da Gurmanci su koma abin da ake tunawa da shi sau ɗaya a shekara, ranar bikin Cure Salée a Ingall, lokacin da ake buƙatar raƙuma da rawuna don hoto. Mun san zafin wannan, don shekara da shekaru Faransanci ya yi wa Hausa haka a ofis da makaranta.

Wanda ya taɓa halartar biki a unguwannin Agadas ya san kiɗan nan ba na 'yan yawon buɗe ido ba ne. Ana shimfiɗa tabarmi a fili, a tada janareto, a jingina lasifika a kan kujera, samari su kewaye wurin da babura, mata su yi ta guɗa, makaɗa irin su Etran de l'Aïr su kaɗa har ƙura ta turnuƙe. Da kuɗin biki da suna waɗannan makaɗa suke ci da iyalansu tun kafin wani Bature ya san da su. A ƙauyen Illighadad kuwa, mata ne suka ɗauko tende, turmin daka da ake ɗaure wa fatar akuya a riƙa yayyafa mata ruwa don amon ya zauna, suka haɗa shi da jita. Fatou Seidi Ghali, wadda ta koyi jita da kayan yayanta, ta zagaya Turai da Amurka da wannan haɗin. UNESCO ta sa imzad, gogen matan Abzinawa, cikin gadon al'adun duniya a 2013, shekarar da tsohon garin Agadas ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya.

Abin da ya faru a Mali ya isa ishara. Bikin Festival au Désert da ake yi a yankin Tumbuktu tun farkon shekarun 2000 ya tsaya bayan na 2012, shekarar da masu ɗauke da makamai suka haramta kiɗa a garuruwan arewa. A wannan shekarar ce kuma Tinariwen suka karɓi Grammy da faifansu Tassili. Duniya na tafa musu, gidansu ba ya shiguwa.

Nijar tana da abin ginawa a kai. Etran Finatawa sun haɗa Abzinawa da Wodaaɓe a ƙungiya ɗaya tun 2004. Tal National a Yamai suna waƙa da Zabarmanci da Hausa da Tamashek da Fulfulde a dare guda, jama'a kuma suna rawa ba tare da tambayar wane ne mai harshen ba. Makaɗan sun riga sun yi nasu. Saura hukuma. Muna kira ga Muryar Sahel da Tele Sahel da gidajen rediyo masu zaman kansu su ware wa waƙoƙin kowane harshe na ƙasar lokaci tabbatacce a sa'o'in da mutane ke saurare, tare da fassarar ma'anarsu da Hausa, don mai shayi a Tawa ya san abin da Mdou Moctar ke faɗa game da arzikin Arlit da talaucin mutanenta. Cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya da ke Yamai ta samu reshe a Agadas, hukumar kare haƙƙin mawaƙa ta riƙa biyan makaɗan arewa abin da ya zama nasu, a kuma tattara tsoffin kaset ɗin shekarun 1990 a adana su kafin zafi da ƙura su cinye su. Gidajen rediyon Kano da Sakkwato da Katsina, da ake ji har tsallaken iyaka, su ma wannan kira ya shafe su.