Sharhi: Ƴan kasuwa, ku buɗe ma ɗiyanmu kaye



Kwanan baya wani saurayi ya kira mu cikin shirinmu na rediyo yana kokawa. Ya gama jami'a, ya karanci lissafi da ordinatar, amma duk buron da ya kai takardunsa tambaya guda ake yi mashi: ina ka taɓa aiki? Tun shekara ta 2010 da aka kafa jami'o'i a Maraɗi, Damagaram da Tawa, irin waɗannan yara sai ƙaruwa suke. Wuraren istaj kuwa ba su da yawa, mafi yawansu kuma suna Yamai.

Aikin da yaron nan yake nema shi ne nazarin alƙalumman kasuwanci. Mai wannan aiki yana tattara abin da aka saya da abin da aka sayar, ya gyara kurakuran rubutu, ya jera su cikin ordinatar, sannan ya faɗa ma mai dukiya inda riba take shigowa da inda kuɗi suke zurarewa. Bankuna da kamfanonin salula suna ɗaukar irinsu. Amma sana'a ce da ba a ƙware ta a kan allo. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

To, ina za su gwada? Mu a ganinmu amsar tana hannunku. Kayen da kuke rubuta bashi da shigar kaya a magaza, shi ne makarantar da yaran nan suka rasa.

Mu ɗauki albasar Galmi. Kowa ya san tana araha lokacin cirewa, ta yi tsada bayan watanni. Amma wadda aka ajiye a rudu wani kashi nata yana ruɓewa. Ribar jira ta fi asarar ruɓa, ko kuwa? Sau da yawa da ka ake yanke wannan hukunci. Yaron da ya samu kayen shekara uku zai iya fitar da amsar da alƙalami. Haka ma hajiya mai man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. In aka cire kuɗin gyaɗa, niƙa, itace da mota, nawa ya rage a kowace tiya? Akwai wadda take wuni gaban wuta alhali uwar kuɗi take ci ba ta sani ba.

Kuma mun ga abin da ya faru. Najeriya ta rufe iyaka daga watan Ogusta na 2019 har Disamba na 2020. Aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Yuli na 2023 har Maris na 2024, ga naira ta faɗi warwas a wannan tsakani. Wanda yake da rubutaccen lissafi ya san da wuri kayan da zai saki da wanda zai riƙe. Wanda ba shi da shi sai da jari ya karye ya farga.

Mun san abin da ke zukatanku. Ɗan kasuwa ba ya son a ga cikinsa, ga tsoron lampo, ga tsoron abokin gasa. Wannan gaskiya ne. Amma akwai mafita. A yi yarjejeniya gaban shaidu, a ɓoye sunayen masu bashi, a fara da kaya iri guda na wata uku. In yaro ya riƙe amana a ƙara mashi. A ƙarshe a ba shi takardar shaida da sa hannu, da ɗan kuɗin mota. Wannan takarda ita zai nuna gobe.

Ku kuma samari da ƴan mata, ku rage girman kai. Kada ku ce sai buro mai sanyi. Ku fara da Excel ku ƙware, sannan ku wuce ga SQL da Power BI. Hukumar SIMA tana bin farashin hatsi a kasuwannin ƙasa, hukumar ƙididdiga ta INS tana fitar da alƙalumman tsadar kaya kowane wata. Ku ɗauko su ku gwama da na Kasuwar Dole ko na Katako. Kuma ku iya bayani da Hausa. In Alhaji bai gane zanenka ba, aikinka bai yi ba. Shi ma yana da ilimin shekara talatin da babu shi cikin ordinatar, ku saurare shi.

Muna kira ga ƙungiyoyin ƴan kasuwa da shugabannin jami'o'i su zauna su tsara wannan abu. Kowace babbar magaza ta ɗauki yaro guda a bana. Ɗan kasuwa ya san gaskiyar ribarsa, yaro ya samu abin faɗa ranar da aka tambaye shi inda ya taɓa aiki.

Allah ya sa albarka a kasuwa, ya shirya mana zuri'a. Amin.