Fitilun gaggawa a manyan gine-gine: suna nan a bango, amma wa ya gwada su?

Da shigowar bazara, ɗaukewar wutar lantarki ta sake zama ruwan dare a Yamai, Maradi, Damagaram da Tawa. Koke-koken jama'a yawanci kan zafi ne, da tsadar ƙanƙara, da kayan da ke lalacewa a firiji. Abin da ba a cika tayar da maganarsa ba shi ne halin da mutane ke shiga a cikin otel, babban kanti, ɗakin biki ko asibiti mai zaman kansa a daƙiƙun farko bayan wuta ta tafi da dare. Duk wanda abin ya taɓa ritsawa da shi a matattakalar gidan bene ya san irin duhun da ake nufi.

Don wannan lokaci ne aka yi fitilar gaggawa, ɗan farin akwatin nan da ake gani a saman ƙofa, mai koren hoton mutum yana gudu da kibiya a gefensa. Masu aikin wuta suna kiranta BAES, da taƙaitaccen sunanta na Faransanci. Tana da batir a cikinta wanda ke shan caji muddin akwai wuta, kuma da zarar wutar ta yanke sai ta kama da kanta. Ba don a ci gaba da ciniki aka yi ta ba. Aikinta ta nuna wa jama'a hanyar fita.

Da rayukan mutane aka sayi wannan dabara. A ranar 28 ga Nuwamba 1942 gobara ta tashi a gidan rawa na Cocoanut Grove da ke birnin Boston na Amurka. Wuta ta ɗauke, jama'a suka yi cincirindo a ƙofofin da suka ƙi buɗuwa, mutum 492 suka mutu. Bayan wannan masifa aka tsaurara dokokin hanyoyin fita da na hasken gaggawa a ƙasar. Faransa, wadda injiniyoyinmu da yawa suka yi karatu da ƙa'idojinta, tana da dokar 25 ga Yuni 1980 kan gine-ginen da jama'a ke shiga. Dokar ta ce fitilar da ke nuna hanya ta iya ci na awa 1 aƙalla, kuma tazarar da ke tsakanin fitila da fitila a hanyar fita kada ta wuce mita 15. Ta kuma ɗora wa mai tafiyar da wurin gwaji iri biyu. Kowane wata a yanke wuta a ga ko dukkan fitilun sun kama. Kowane wata 6 a bar su a kunne a ga ko za su kai awa guda. Sannan a rubuta sakamakon a littafin tsaro na ginin. A Amurka gwajin wata-wata na daƙiƙa 30 ne, na shekara kuma minti 90.

Sai dai an tsara waɗannan ƙa'idoji ne don ƙasashen da ake iya shekara wuta ba ta ɗauke ba. A can batirin yana kwance ne cike, yana jiran ranar da wataƙila ba za ta zo ba. Mu namu halin daban ne. Kafin 2023 kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da kamfanin NIGELEC ke rabawa daga Najeriya take zuwa, ta layin Birnin Kebbi zuwa Yamai da na Katsina zuwa Maradi da Damagaram. Kowa ya tuna abin da ya biyo bayan yanke ta a watan Agusta 2023 sakamakon takunkumin CEDEAO, har zuwa maido da ita a farkon 2024. Tashar hasken rana ta Gorou Banda mai ƙarfin megawat 30 ta rage wa Yamai raɗaɗi, amma idan zafin Afrilu da Mayu ya tsananta buƙata tana fin abin da ake samu.

Ga abin da wannan ke yi wa fitilar. Batirin da ya ƙare yana buƙatar awa 12 zuwa 24 kafin ya sake cika. A ce wuta ta tafi da azahar ta yi awa uku: fitilar ta ci har ta mutu da rana tsaka, ba wanda ya ma lura. Wuta ta dawo da la'asar, ta sake tafiya bayan isha'i, daidai lokacin da ɗakin biki ya cika maƙil. Abin da batirin ya tara a tsakani ba zai kai shi awa guda ba. Idan aka yi ta maimaita haka mako bayan mako, ƙarfinsa na riƙe caji yana raguwa har ya zama na minti kaɗan. Zafi kuma yana ƙara masa gishiri a ciwo. Masu ƙera batir suna auna shekarunsa ne a zafin digiri 20 zuwa 25, inda yakan yi kamar shekara 4. A Tawa ko Yamai ma'auni yana haura digiri 40 a inuwa, balle kusa da rufin kwano inda ake maƙala fitilar.

Akwai ma wata ɗabi'a mai kyau da ke kashe su. Ƴan kasuwa da yawa, saboda tsoron gobara, sukan kashe babban makunnin wuta idan za su rufe da dare. Ba wanda zai ga laifinsu. Amma ita fitilar ba ta bambanta wannan da ɗaukewar wuta, sai ta kama ta haska kanti babu kowa har batirin ya ƙare, kowane dare. Akwai ƙaramar na'ura da ake haɗawa don a kwantar da fitilun idan an rufe wuri, sai dai mai gini da ke neman rage kuɗi ita yake fara cirewa daga lissafi.

Kuma ɗan koren hasken da ke jikin akwatin yana yaudara. A fitilu marasa tsada, abin da yake nunawa kawai shi ne wuta tana shiga. Bai ce komai ba kan lafiyar batir. Masu gwada kansu, waɗanda ake kira SATI, su ne ke nuna ruwan ɗorawa idan akwai matsala, su ma sai an sami mai ɗaga kai ya duba.

Idan ka yi wa mai otel ko mai kanti wannan magana, amsar farko ita ce: ai muna da inji. Injin da ke tashi da kansa ma yana ɗaukar daƙiƙu, wanda kuwa sai mai gadi ya zagaya baya ya tayar da shi yana iya cin minti biyar, in akwai gazuwal a ciki. Turmutsitsi ba ya jiran haka. Mafi muni, idan gobarar daga wayoyin wuta ko akwatin rarraba ta ta tashi, inji ba shi da amfani, hasali ma dole a kashe shi, domin ƴan kwana-kwana sai sun yanke wuta kafin su watsa ruwa. Haka batun yake ga mai faranti da batiran hasken rana, tunda hasken nasa ta wayoyin ginin yake bi. Amsa ta biyu ita ce kowa yana da tocila a wayar salularsa. Gaskiya ne, kuma tana taimakawa. Amma tocila ƙafarka take haska maka, ba ta gaya wa baƙon da ya sauka a otel jiya ina ƙofar baya take.

Wa ke da alhakin? A nan ake yin ƙwallo da magana. Mai gini ya ce ya ba da haya, ɗan haya ya ce shi bai kafa komai ba. Ƙasar nan ta ga gine-gine da yawa a ƴan shekarun baya: Maradi Kolliya a 2015, Tahoua Sakola a 2017, Zinder Saboua a 2018, sai otel-otel da ɗakunan taro na Yamai lokacin taron ƙolin Tarayyar Afirka a Yuli 2019. Duk fitilar da aka kafa a wancan zamani, idan ba a canza mata batir ba, ta daɗe da wuce shekarunta. A ganina, binciken da ya tsaya kan ƙirga akwatuna a bango ranar buɗe gini ba bincike ba ne. Jami'in kare lafiyar jama'a ko na magajin gari da ya zo sabunta izini, kamata ya yi ya sa a kashe makunni a gabansa, ya duba agogo, ya nemi littafi. Kamfanonin inshora ma suna da ta cewa, tunda su ke biya. Yarjejeniyar haya kuma ta fayyace wanda zai sayi batir.

Abin da ya sauƙaƙa mana shi ne ba sai mun ƙirƙiri ɗaukewar wuta ba, tana zuwa har gida. Mai gadi da ke da littafi da biro zai iya zagayawa duk lokacin da ta tafi, ya rubuta fitilar da ba ta kama ba da wadda ta mutu kafin awa ta cika. Babban gwajin na awa guda a yi shi da safe, ranar da ba a sa ran taron jama'a, don batir ya sami lokacin cika kafin dare, kuma a nan ƙasar wata 6 ya yi nisa, gara kowane wata 3, ɗaya daga ciki kafin bazara. A rubuta ranar da aka sa batir a jikinsa. A goge ƙurar hunturu da ke dushe gilashin. A sauke labule da allon talla da aka rataya suka rufe kibiyar. Sannan wanda ke zagayen ya bi kibiyar har ƙarshenta ya tura ƙofar da hannunsa, domin a wurare da dama zai tarar da kwaɗo a jikinta, mabuɗin kuma yana aljihun wanda ya tafi gida tun magariba.