Ina Iyakar Inabin Kudan?

Sunan Kudan ya fara bin inabi zuwa kasuwa, kamar yadda rake ya ɗaukaka Maƙarfi, tumatir kuma Ikara. To, amma wane manomi ne ke da haƙƙin amfani da sunan nan?

Turawa sun daɗe da warware irin wannan matsala a yankunansu na inabin giya. A 1756 hukumar Fotugal ta shata yankin Duro, ta kakkafa duwatsu a iyakarsa. Faransa kuwa ta kafa hukuma a 1935 mai duba irin ƙasa, da yanayi, da irin inabi, da yadda ake nomansa, kafin a ba gona sunan yanki. Aikin ba wasa ba ne: da aka cire manoman Ob daga yankin Shamfen, sun yi bore a 1911, sai a 1927 aka mayar da su.

Namu inabin na ci ne, amma hikimar ɗaya ce. A ganina kuskure ne a ɗauki taswirar ƙaramar hukuma a ce ita ce iyaka, domin jigawa da fadama ba su san ofishin Hunƙuyi ba. Masanan ƙasa na Samaru ya kamata su auna, gona bayan gona. Idan lambun mutumin Maƙarfi ya dace a sa shi, idan na ɗan Kudan ya gaza a bar shi, ko da ɗan sarki ne.